Gilashin da Inna Ta Sauke

Motar tana nan har yau a ƙofar gidanmu da ke Kilomita Biyar, tsohuwa ƙirar Japan, irin wadda sai an murɗa hannu gilashinta ke sauka. Duk baƙon da ya tsaya kusa da ita sai idonsa ya kai kan gilashin baya na hannun dama. Rabinsa na sama yana da ɗan duhu kamar sauran, rabin ƙasa kuwa fayau yake, an yanke ledar a karkace. Wasu su yi shiru, wasu su tambaye ni wane maras tsoron Allah ne ya yi mini wannan aikin. Nakan ce musu gwanin da ya fi kowa a Bangui ne, sai su ɗauka ba'a nake yi.

A nan aka haife ni. Kakana ne ya zo daga arewacin Najeriya da fatauci, garin ya karɓe shi, ya zauna. Ina da shagon tukwane da bokitai a Titin Koudoukou, kuma mutanen layinmu sun san halina, ba a yi mini aiki in karɓa ido rufe. Tela ya taɓa warware mini wuyan riga sau uku. Kafintan da ya yi mini kanta ya rantse ba zai ƙara ba. Matata takan ce ko tuwo ta tuƙa sai na nemo gudaji a ciki, ni kuma ban taɓa musa mata ba.

A lokacin da nake magana a kai, 'yan tawaye sun riga sun shiga birni sun yi abin da suka yi, an kore su, sai fushin jama'a ya juyo kanmu Musulmi, tunda yawancin 'yan tawayen Musulmi ne, har da mu da ba mu ji ba ba mu gani ba. 'Yan sa-kai masu adduna da layu suka kafa shingaye a hanyoyin da suka fita daga unguwa. Maƙwabta da yawa sun hau manyan motoci sun tafi Chadi da Kamaru. Mu da muka rage muna da kasuwa, muna da masallaci, amma duniyarmu ta tsaya inda shagunan ƙarshe suka ƙare. Wanda ya wuce nan, gidansu ba sa samun natsuwa sai sun ga ya dawo da ƙafarsa.

A cikin wannan hali ne ƙafar Inna ta rikice. Mahaifiyata ce, ta daɗe da ciwon suga. Wani ɗan rauni ne a yatsa, garwashi ya taɓa ta a bakin murhu, ya ƙi warkewa, ya fara baƙi. Matar da ke wanke ciwo a ɗakin shan maganin unguwa ta ja ni gefe ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ta ce akwai likitan tiyata da ke zama ranar Alhamis da safe a babban asibiti cikin gari, in ban kai ta wannan makon ba, maganar yatsa za ta koma maganar ƙafa, daga nan kuma ba ta ƙarasa ba. Ranar Lahadi ce ta gaya mini haka.

Na kwana biyu dama ina tunanin hanyar da mutum zai bi ya fita ba a gane shi ba. Ni zan iya cire hula in sa wando da riga, Sango kuma, yaren garin, a bakina yake, ba ya tona mini asiri. Inna ce matsalar. Da ganinta ka ga tsohuwar Bahaushiya, ga zanen fuska, ga lalle a hannu. Sai dabara ta faɗo mini: a manna wa motar baƙar leda a gilashi, baƙa ƙirin, in kwantar da ita a baya, in wuce ba wanda ya san da ita. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan wayo.

Masu wannan sana'a uku ne a unguwa kafin rikici, biyu sun gudu. Wanda ya rage yana aiki a wata rumfar kwano ta wajen unguwar Yakité. Dattijo ne siriri, Musulmi ɗan ƙasa, Sango ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta kasuwa ce. Yana kirana patiron, yadda ake kiran masu shago, ni kuma ina ce masa Malam. Na kai masa motar ranar Litinin da hantsi. Ya fito da nadin leda uku ya jingina a bango, ɗaya baƙa wuluk, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya kuwa ba ta wuce launin ruwan shayi ba. Na nuna baƙar na ce a zagaye motar da ita duka.

Ya tambaye ni ina za ni da ita. Na gaya masa.

Ya ɗauki baƙar ledar ya mayar ɗaki. Ya ce, “Patiron, wannan ba zan sa maka ba.”

Na ce, “Malam, motar taka ce ko tawa?”

“Taka ce. Amma ka tuna motocin da manyan 'yan tawaye suke yawo a ciki? Ni na manna wa wasunsu, da bindiga a kaina. Duk yaron da ke shinge ya san irin gilashin nan. In ya hango ka tafe da shi, ba zai jira ka tsaya ka yi bayani ba.”

Ya ce zai sa mai launin shayi a gilasan baya kawai, na gaba ya bar su yadda suke. Daga nesa ba za a gane fuskar wanda ke baya ba, amma wanda ya matso zai ga tsohuwa ce, ba bindiga ba. Raina ya ɓaci. Na ce wannan ai da ita da babu duk ɗaya. Ya ce to in je wurin wani. Ya san babu wani, ni ma na sani, sai na zauna a kan benci na haɗe rai.

Ko da nake cikin fushi, na ga aiki. Ya fara yayyafa ruwa a ƙasa kada ƙura ta tashi, ya sauke tamfol ya rufe bakin rumfar. Ya wanke kowane gilashi sau uku da ruwan sabulu, ya bi shi da reza yana kankare abin da ni ban ma gani ba. Ya auna ledar ta waje, ya yanka, sannan ya shiga ciki ya fesa ruwa ya shimfiɗa ta, yana tura ruwan zuwa gefe da wani faffaɗan guntun roba. Haka ya bi gilasan baya ɗaya bayan ɗaya har ya gama. Na zagaya motar sau biyu ina neman abin faɗa, ban samu ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Da zan tafi ya dafa ƙofa ya ce, “Kwana uku kada a sauke gilasan baya. Leda tana jiƙe, ba ta kama ba. In ka ga wani abu a jikinta, kada ka taɓa.”

Washegari da safe na fito na samu abin da nake nema. Ledar ta yi bororo, ƙanana da manya, ga wani hazo-hazo a tsakiyar gilashin. Ko karyawa ban yi ba na koma rumfar. Na faɗa masa maganganu a gaban mutane. Na ce ya hana ni wadda nake so, ya ba ni wadda ba na so, ita ɗin ma ya kasa manna ta. Na ce ran mahaifiyata ne a cikin motar nan, ba buhun gawayi ba. Ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce ruwa ne ya rage a ƙarƙashi, in ajiye motar a rana, zai bushe da kansa. Ya ɗaga hannuna na dama ya duba farcena ya ce, “Wannan ɗayan kuma kai ka fasa shi.” Gaskiya ne, na sa farce na danna guda ɗaya kafin in taho.

A ranar da yamma na ɗauki Inna zuwa wankin ciwo a cikin unguwa. Dole in faɗi wani abu game da ita a nan. Ta yi shekaru masu yawa tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Kilomita Biyar, kuma ba ta iya wuce wanda ta sani ba ta gaishe shi ba. Ba gaisuwar ɗaga hannu ba. Sai ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai jiki, ta tambayi gajiyar biki ko da bikin ya yi wata biyu. Da Hausa take yi, da Sango, da ɗan Larabcin da ta tsinta wurin matan Chadi. Muna yara tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ta cinye mana rabin yini. A wurinta, ka wuce mutum a mota gilashi rufe, wulaƙanci ne da ba ya wankuwa.

Na gaya mata dokar kwana uku tun kafin ta shiga. Ta ce ta ji. Ba mu kai Masallacin Koudoukou ba na ji hannun gilashi yana ƙara a bayana. Ta hango wata tsohuwa da aka yi wa rasuwa. Kafin in taka birki gilashin ya kai ƙasa, da ta gama ta'aziyyarta ta mayar da shi sama, ledar ta fito a cukurkuɗe daga ƙasa har zuwa rabi.

Na ce, “Inna, me na ce miki?”

Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Ta ce, “Kai ɗan nan, matar nan ƙaninta ta rasa. In wuce ta saboda leda?”

Ranar Laraba na koma wurin Malam karo na uku, wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Bororon jiya ya kusa ɓacewa kamar yadda ya faɗa, sai wanda na fasa da farce. Ya duba gilashin da ya lalace, ya tambayi wa ya sauke. Da na ce Inna ce, sai ya yi dariya har ya dafa mota. Ashe ya san ta, wurinta matarsa take sayen mai. Ya ce mai launin shayin ta ƙare, babu kuma motar da ke kawo kaya daga Kamaru. Ya sa reza ya yanke inda ya cukurkuɗe, ya bar rabin sama. Inna gajeriya ce, in ta zauna a baya fuskarta daidai wurin da ya zama fayau take.

Na ce to ya cire hannun murɗawar, kada ta sake. Ya girgiza kai.

“In masu shinge suka ce a sauke gilashi, ka ce musu ba ya sauka, me kake jin za su ɗauka? Bar mata hannunta, patiron.”

Sau biyu ke nan yana ƙin yi mini abin da na sa shi. Na tafi ina ce wa raina ban taɓa ganin ma'aikaci mai taurin kai irinsa ba.

Ranar Alhamis muka fita bayan rana ta ɗaga, lokacin da hanya ke da mutane. Na bar hulata a gida, na sa hular hana-sallah na ja ta ta rufe goshina. Matata ta ɗaura wa Inna ɗankwali irin ɗaurin matan gari, ta karɓe mayafin. Carbi kam Inna ta ƙi bayarwa, ta cusa shi a ƙarƙashin cinya. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta kwanta ta yi kamar mai barci, kada ta ce uffan. Ta ce to.

Bayan shagunan ƙarshe akwai wani fili da gidajensa suka zama kango, ba kowa sai awaki. Da muka wuce shi na hango shingen. Katako ne mai ƙusoshi a gicciye a hanya, samari biyar ko shida a gefe, layu a wuya da damtse. Can gaba kaɗan wasu mata sun baje kayan sayarwa a bakin titi. Na rage gudu. Ɗaya daga cikin samarin ya taso da adda a hannu. Ya dube ni ta gilashin gaba tun daga nesa, ya ga ni kaɗai ne a gaba, hannuwana biyu a kan sitiyari. Ya zagaya baya ta hannun hagu, ya kara fuskarsa a gilashi ya leƙa. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Tsohuwa ya gani da ƙafa a naɗe, kuma a wannan lokacin na tuna baƙar ledar da Malam ya mayar ɗaki.

Ya dawo wurina. Na gaishe shi da Sango, na ce asibiti zan kai tsohuwa. Ya ce in ba shi katin shaida. Abin da nake tsoro ke nan, don sunana da na mahaifina suna jiki, ba kuwa sunan da zai wuce a wannan wuri ba ne. Na fara lalube a aljihu ina jan lokaci, ban san me nake jira ba.

Sai na ji hannun gilashi yana ƙara a bayana.

Wallahi a wannan lokacin na ji haushin mahaifiyata fiye da yadda na ji tsoron addar. Ta tashi zaune, ta leƙa kai waje, ta ɗaga murya ta ce, “Bara mo,” wato gaisuwar Sango, tana kiran wata mata da ke zaune gaban tiren busasshen kifi. Matar ta ɗago. Inna ta ci gaba kamar a tsakar gidanta take, ina yara, ina babbar da ta yi aure, ta haihu kuwa, maigidan ya samu sauƙin bayan nasa.

Matar nan shekara da shekaru rumfarta tana jikin ta Inna a kasuwa. Kirista ce, ta bar unguwarmu da rikici ya tashi, ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Ta gaya mana daga baya cewa tun motar ba ta tsaya ba ta hango fuskar Inna ta inda babu leda, ta sunkuyar da kai, tana tsoron in ta nuna ta san mu za ta jawo wa kanta. Amma da aka kira ta aka tambaye ta yaranta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ƙafafunta ne suka tashi da ita.

Ta zo ta kama hannun Inna ta taga, tana amsa gaisuwar tana share ido da gefen zane. Ta leƙa ta ga ƙafar. Sannan ta juya wurin saurayin, ba ta ɗaga murya ba, ta ce masa wannan uwarta ce, ya janye katako. Ya ce bai ga kati ba. Ta ce ya ga ƙafa. Suka tsaya suna duban juna, sauran matan masu kaya duk sun daina abin da suke yi suna kallo. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya sa ƙafa ya ture katakon gefe. Matar ba ta saki hannun Inna ba, ta bi motar a ƙasa ina tafiya a hankali har muka wuce samarin. Ta ce mini in dawo ta wannan hanyar kafin rana ta raba, za ta zauna ta jira.

Ta jira kuwa. Likita ya cire yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Sau huɗu muka sake bin hanyar don a duba ciwon, kowane karo matar tana wurin, kowane karo Inna tana sauke gilashi tun daga nesa, ni kuma na daina cewa komai. Ba ina nufin gaisuwa ta ceci duk wanda ya yi ta ba. Na san mutanen da suka fi Inna kirki, suka fita ta wannan hanyar ba su dawo ba. Mu dai Allah ya ƙaddara mana haka, ya kuma bi ta hannun mutum biyu da har in mutu ba zan gama gode musu ba.

A hanyarmu ta dawowa ranar farko, da muka shigo unguwa na fara numfashi sosai, na ce, “Inna, yau kin kusa kashe mu.”

Ta ce, “Ni dai na ga mutum na gaishe shi. Kai ne ka so a kai ni asibiti kamar kayan sata.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je rumfar Malam. Na tarar da wasu daga cikin mutanen da na ci masa fuska a gabansu, na ji daɗin haka, don a gabansu nake so in ba shi haƙuri. Na ba shi labari tun daga katakon har zuwa mai kifi. Na ce ya yafe mini. Kunya ta kama shi fiye da ni, ya tashi ya je yana shafa gilashin baya da tafin hannu. Bororon ya ɓace sarai, ledar ta kwanta lumui, sai ɗan tabon farcena. Ya nuna mini shi ya ce wannan kam ba ya cikin aikinsa.

Inna ta yi shekara uku bayan haka tana taka ƙafarta, tana zuwa suna da ta'aziyya, kafin Allah ya karɓi abarsa a ɗakinta, a kan gadonta. Mai kifi ta shigo unguwa ta zauna da mu kwana uku na zaman makoki, lokacin hanya ta fara buɗewa.

Bayan sadakar arba'in Malam ya zo har shago. Ya ce kaya sun iso daga Kamaru, har da mai launin shayi, in kawo motar ya gyara gilashin nan. Ya ce shekara uku ke nan duk sa'ad da na wuce ta gaban rumfarsa sai yankan nan ya tsone masa ido, ba ya so a ce shi ya yi. Na fahimce shi sarai, don da ni ne ma haka zan ji. Muka fita tare muka tsaya a gefen motar. Na duba wurin da ya zama fayau, daidai inda fuskarta take zama.

Na ce, “Malam, sau biyu ka ƙi yi mini abin da na sa ka. Yau ni ma zan ƙi naka. A bar shi haka.”